Wankan Mahbuba

Daminar da amai da gudawa ya sauka a Illela, bai fara da 'yan gari ba. Ya fara ne da baƙin da ke zaune a tsohon siton albasa na hanyar Amarawa, mutanen ƙauyukan tsallaken iyaka waɗanda 'yan bindiga suka koro daga su sai tufafin jikinsu. Mafi yawansu mata ne da tsofaffi da yara. Rijiya ɗaya suke sha, ita ma ruwan sama ya kwashe ƙazantar bayan sito ya zuba mata.

Da farko gari ya yi kamar bai ji ba. Sai da aka tuna cewa matan siton nan su ne masu surfe da wanke-wanke a gidajen mutane, sannan kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shiga neman ruwan shafa wa nasa. Nan da nan aka kafa kwamiti. Kuma a faɗi gaskiya, ba kwamitin shan lemo ba ne. Ma'aikatan lafiya suka kawo gadaje da ledojin ƙarin ruwa. Wata ƙungiyar agaji ta kafa tanti a wani fili, ta kewaye shi da waya. 'Yan kabu-kabu, da shugabansu Sahabi, suka ɗauki nauyin kawo marasa lafiya a kan babura. Duba-gari suka karɓi feshi da ɗaukar gawa, Malam Muhyiddeen limamin unguwa ya karɓi wa'azi da salla, shi kuwa Alhaji Abdulmalik, babban ɗan canji, ya ce man babura da likkafani duk a wuyansa. Kowane zama sai wani ya miƙe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a yi ta gyaɗa masa kai kamar shi ya ƙirƙiro maganar.

Tanti ya kammala, gadaje suna shimfiɗe, amma babu mai zuwa. Kaburbura kuwa sai ƙaruwa suke yi a bayan sito.

Sakinatu, ma'aikaciyar jinyar da aka damƙa wa tantin, ita ta yi ta zarya har ta gano dalili. Daga sito ba ta zame ko'ina ba sai gidan Inna Zuwaira.

Duk Illela babu wanda bai san Inna Zuwaira ba, sai dai ba kowa ke son ganinta a ƙofar gidansa da sassafe ba. Ita ce mai wankan gawar mata, sana'ar da ta gada wurin gwaggonta tun tana da jan sawu. Bakinta ba ya raga wa kowa, daga mai unguwa har mai kayan miya, amma ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a ɗakin wanka ba. Saboda wannan ne ake yafe mata sauran.

"Inna, ba allura suka tsoro ba," in ji Sakinatu bayan sun gaisa. "Cewa anka yi musu duk wadda tam mutu cikin tanti, leda aka saka ta a ɗaure baki kamar buhun taki, maza su ɗauka su turbuɗe. Sun ce gara su mutu bisa tabarma a wanke su."

"To ni mi kika so in yi, ɗiyata? In hana su mutuwa?"

"A'a. Ki zo ki zan wanke su."

Inna Zuwaira ta yi ta gardama, ta ce ita ba 'yar kwamiti ba ce, ba ta iya zama bisa kujera ba. Amma ta je. Aka sa mata takalmin roba da rigar leda da safar hannu mai kaiwa har gwiwar hannu, aka nuna mata ruwan kulorin, aka ce kada ta matsa cikin gawa kamar yadda ta saba. Ta ce wannan ai wankin mota ne, ba wankan ɗan Adam ba. Sai da Malam Muhyiddeen ya tabbatar mata wanka ya inganta, sannan ta yi shiru ta koya, kuma ta iya. Maƙwabtanta suka daina shan ruwa da moɗarta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta fasa ba.

Labari ya kai sito cewa akwai tsohuwa mai wanka a tanti. Duk da haka babu wadda ta motsa, domin ido yana kan mace guda. Mahbuba ce ta jagoranci matan nan a daji har suka iso Illela, in ta ce a zauna a zauna, in ta ce a tashi a tashi. Ga shi kuma cutar ta kama ta, ta ƙi zuwa ko'ina. Don haka wata safiya Sahabi ya ɗauki Inna Zuwaira a babur ya kai ta.

Ta same ta kwance a gefen bango, idanu sun zurma, leɓɓa sun tsattsage. Ƙanwarta Na'ima tana yi mata fifita, ƙaramar 'yar Mahbuba, Lubabatu, tana zaune wajen ƙafafunta. Mata sun yi da'ira sun zuba ido.

"Ke ce Zuwairar da aka hwaɗi?" in ji Mahbuba, muryarta kamar daga cikin tulu.

"Ni ce."

"Mijina da ɗana na hwari, cikin daji munka baro su, ba wanka ba salla. Tun rannan ban roƙi Allah komi ba sai in tahi da tsarki. In na mutu can wurinku, ke za ki wanke ni? Ke da kanki, ba wani ba?"

"In ina numfashi, ni za ni wanke ki."

"Ki sa Allah."

"Allah shi ne shaida."

Mahbuba ta ce da ƙanwarta ta ɗaga ta. Aka ɗora ta a babur, Na'ima ta hau baya ta rungume ta. Kafin la'asar 'yan kabu-kabu sun gaji da sawu, gadajen tanti sun cika har an shimfiɗa wasu a ƙasa. Da yawa suka tashi da ƙafafunsu. Waɗanda kwanansu ya ƙare kuwa, Inna Zuwaira ta wanke su, ta sa musu likkafani, aka ɗaga labulen tanti 'yan'uwa suka ga farin ƙyalle daga bayan waya. Kwamiti ya yi ta murna, har aka zo daga Sakkwato aka ɗauki hoto.

Ita dai Mahbuba ta makara wajen zuwa. Gudawa ta tsaya amma jiki ya ƙi dawowa, yau a ce da sauƙi, gobe a ce sai addu'a. Kullum Inna Zuwaira sai ta leƙa ta kafin ta yi komai, ita kuma sai ta buɗe ido ta tabbatar tsohuwar na nan, ta mayar ta rufe.

Ranar da abin zai faru, da safe Mahbuba ta kurɓi kunu har ta tambayi 'yarta. Inna Zuwaira na tsaye a bakin waya tana ba Na'ima wannan albishir sai ga mota daga gidan Alhaji Abdulmalik. Mahaifiyarsa ta rasu da asuba, ciwon tsufa ne, ba cutar da ake gudu ba. Duk matan gidan nan da suka riga mu gidan gaskiya Inna Zuwaira ce ta wanke su, kuma marigayiyar ta sha faɗa cewa ita ma haka take so. Direba ya fara tambaya ko ta taɓa gawar tanti yau. Da aka ce a'a, ya buɗe mata ƙofa.

Ba ta so tafiyar ba. Amma yaya za ta ce a'a? Likkafanin da take naɗe baƙi da shi daga aljihun mutumin nan yake fitowa, man da ke cikin babur ɗin Sahabi ma haka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban da wannan ma, ita da Hajiyar sun yi zaman mutunci, kuma wanka ba abu ne mai cin lokaci ba.

"Tahi, Inna," in ji Sakinatu. "Yau ta hi jiya. In wani abu ya taso ina buga miki."

Inna Zuwaira ta juya wurin Na'ima ta ce, "Kahin hantsi shi dubi ludayi na komo."

Gidan ya cika maƙil, motoci har bakin titi, zaure ba masaka tsinke. Aka wuce da ita cikin mata. A ƙofar ɗakin ta cire hijabinta ta rataye a ƙusa, wayarta na cikin aljihunsa. Haka take yi ko'ina, domin a wurinta waya ba ta shiga ɗakin wanka, kamar yadda surutu ba ya shiga. Ta ja ƙofa, ita da ƙanwar marigayiyar mai zuba mata ruwa. Ta kwance wa Hajiya kitso, ta cire mata tufafi ta lulluɓe ta da zane, ta jiƙa ganyen magarya. Ta ɗauki buta ke nan aka ƙwanƙwasa. Babbar 'yar Hajiya ta bugo daga Sakkwato, tana kan hanya, ta ce don girman Allah kada a zuba wa uwarta ruwa sai ta iso ta zuba da hannunta. Alhaji ya ce a jira.

Gwaggon Inna Zuwaira ta bar mata doka guda da ba ta taɓa karyawa ba: mai wanka ba ta barin gawar da ta riga ta buɗe sai ta naɗe ta. Don haka ta ajiye buta ta zauna.

Hantsi ya yi, ya wuce. Zafi ya fara shigowa ta rufin kwano. Hanyar Sakkwato ga ramuka ga shingaye, kowa ya san ba a yi mata alkawari. Hankalin Inna Zuwaira ya rabu biyu, tsoro ya riƙa taso mata daga ciki ba tare da ta san na mene ne ba. Sau ɗaya ta ji takun mutum ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ya juya. Ta miƙe za ta leƙa.

"Haba Zuwaira," in ji ƙanwar marigayiyar tana hawaye, "hakanga za ki bar mini yaya a buɗe?"

Ta koma ta zauna.

Sai gab da azahar 'yar ta iso, ta faɗa kan uwarta tana kuka, aka sha fama kafin ta iya riƙe buta. Inna Zuwaira ta yi wankan yadda ya kamata, ba ta tsallake komai ba, ta sa kafur, ta naɗe, ta ɗaure. Ko gaisuwar matan gida ba ta tsaya amsawa ba, ta fizgi hijabinta ta fita. A ƙofar gida ta hango Sahabi a tsakiyar rana, zaune a kan babur, gumi ya jiƙa masa riga. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Hau, Inna," kawai ya ce.

A hanya ya ba ta labari, yana magana iska na kwashe rabi. Tafiyarta ba da jimawa ba numfashin Mahbuba ya sauya, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Sakinatu ta yi ta buga waya ba a ɗauka, ta turo shi. Shi namiji ne, ba shi da hanyar shiga cikin mata. Ya kutsa zaure ya raɗa wa ƙanen Alhaji, wannan ya ce subhanallahi, yanzu za a isar. Ya faɗa wa wata dattijuwa, ita kuma ta je har ƙofar ɗakin, ta ga a rufe, ta ce ba da ita za a katse wankan Hajiya ba. Ya sake aikawa, aka ce masa an kusa. Ya nemi ganin Alhaji da kansa, sai ya hango shi cikin manyan baƙi ido jawur, kunya ta hana shi.

"Wallahi Inna, in da na san ɗakin, da na shiga ko da za a kashe ni."

"Ina take yanzu?"

Sahabi ya ƙara wuta.

A tanti Sakinatu ta tare ta, fuskarta a kumbure. Sun jira, in ji ta, sun jira har iyakar abin da za su iya. Amma dokar da kwamiti duka ya amince da ita ta ce gawar mai wannan cuta ba ta daɗewa cikin masu rai, ga zafi, ga ƙuda, ga wata mata da aka kawo tana kwance a ƙasa tana jiran gadon. Ita kanta mai jinyar masu rai ce, an hana ta taɓa gawa, kuma ita kaɗai ce a kan marasa lafiya cike da tanti. Na'ima ta roƙa a bar ta ta shiga ta wanke yayarta, doka ta ce dangi ba sa shiga. Aka kira Malam Muhyiddeen, ya ce idan babu mace mai wanka, shari'a ta yarda a yi taimama. Duba-gari biyu maza suka yi mata, suka sa ta a jakar leda domin babu mai naɗa likkafani, suka fito da ita. Malam ya yi mata salla, an rufe ta.

"Matan sun gani?" in ji Inna Zuwaira.

"Suna bakin waya duka."

Inna Zuwaira ta buɗe baki za ta yi abin da ta fi iyawa, ta rasa wanda za ta zaga. Sakinatu ta bi doka, Malam ya bi littafi, duba-gari sun yi aikinsu, Sahabi ya kiyaye mutuncin gidan mutane, dattijuwar can ta girmama gawa, Alhaji ya tausaya wa 'yar'uwarsa. Ita ma ta riƙe abin da gwaggonta ta bar mata. Kowa ya yi daidai, kuma an turbuɗe Mahbuba cikin leda da hannun maza. Ta dafa ƙarfen tanti. Da ta ɗaga kai sai ta lura gadaje da dama babu kowa, ledojin ƙarin ruwa suna reto, allurai a ƙasa. Duk mai iya tsayawa da ƙafarta ta zare ta bi 'yan'uwanta.

"Ki je musu, Inna," in ji Sakinatu tana tura mata ƙullin gishiri da sukari na haɗa ruwa. "Ke kaɗai suka saurare."

Ko da suka isa sito, an riga an naɗe tabarmi. Mata suna ɗaure tukwane cikin zannuwa, an kwantar da marasa lafiya biyu a kan amalanken jaki. Babu wadda ta zage ta, babu wadda ta amsa sallamarta. Da sun zage ta ma da ya fi mata sauƙi. Ta sami Na'ima a gefen bangon nan, tana durƙushe kusa da Lubabatu. Yarinyar na kwance, zanenta a jiƙe, idanunta sun fara faɗawa. Inna Zuwaira ta ga irin wannan da yawa a kwanakin nan, ba ta buƙatar a gaya mata.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Ina za ku da ita?"

"Daji. Tsallake. Duk inda Allah Yak kai mu."

"Na'ima, ki ba ni yarinyar ga. Ga Sahabi nan waje. In anka sa mata ruwa yanzu, gobe war haka tana zaune tana cin tuwo. Na ga waɗanda sunka hi ta jin jiki sun tashi."

"Ta tashi ko kar ta tashi, ba ta shiga leda."

"Ba ta shiga! Ni da kaina za ni kwana bakin gadonta, ko uwata ce tat tashi ta sake mutuwa ba ni zuwa ko'ina. Na rantse da..."

"Kar ki sake sa Allah, Inna," in ji Na'ima a hankali. "Kin tsuhwa."

Maganar ta shige ta kamar ƙaya. Ta so ta yi bayanin ƙofar da aka rufe, da hanyar Sakkwato, da dokar gwaggonta, sai ta ji duk ba su da nauyin da za a ɗora a gaban yarinyar nan. Ta juya wurin sauran matan, ta roƙe su ɗaya bayan ɗaya, har ta durƙusa wa wata wadda ba ta kai 'yar cikinta ba. Suka riƙa kewaye ta da kayansu a ka kamar an dasa kututture a hanya. Ta miƙa ƙullin gishiri da sukari, wata tsohuwa ta karɓa.

Ta dawo wurin Na'ima ta zauna a ƙasa, ƙarfinta ya ƙare.

"Ban riƙe ki da komi ba," in ji Na'ima. "Abu guda nika so gare ki kahin mu tahi. Duk cikinmu masu wanka sun mutu. Ki koya mini. Inda za mu, ni za ni yi."

Inna Zuwaira ta dube ta. Yarinya ce ɗanya, ko haihuwar fari ba ta yi ba. Ta san duk wanda ya wanke mai wannan cuta da hannu tsirara, a daji, da ruwan tafki, shi ne na gaba. Ta buɗe jakarta ta ciro safar hannunta da ragowar garin kulorin ta ajiye mata a cinya. Sannan, tana kuka ba ta ɓoyewa, ta fara. Ta gaya mata yadda ake rufe al'aura da zane, yadda ake niyya, yadda ake yi wa gawa alwala, da cewa kada ta matsa ciki, kada ta kai hannu fuskarta sai ta wanke. Na'ima na maimaitawa, leɓɓanta na motsi. A waje mai amalanke ya fara kiran a yi sauri, hadari na haɗowa daga gabas.

"Da wane ɓangare aka farawa?"

"Da dama. Sannan hagu."

Na'ima ta gyaɗa kai. Ta kai hannu ta gyara wa Lubabatu ɗankwali. Idon yarinyar biyu, tana kallon bakinsu tun ɗazu.

"Na yarinya ƙarama ma hakanan ne, Inna?"

Inna Zuwaira ta dubi Lubabatu, Lubabatu ta dube ta.

"Hakanan ne," ta ce. "Ruwan ne kawai ba shi kai haka yawa ba."